Rabin Wata a Bayan Tawa

Likita ya ce: Zabeiru, suga ya hau,
ko ka motsa da ƙafarka, ko a motsa ka a makara.
Shi ya sa bayan asuba
nake ɗaure takalmin gwanjo na jikka huɗu,
in bar shagon ɗinki a kulle,
in bi hanyar da ta bar Tawa ta gabas
har inda waya ta kewaye daji.

Tsoho Nomau mai gadin gandu
na hura gawayin shayi a bakin ƙofa.
Ya ce: Yau kuma wa ya koro ka?
Na ce: Wanda ya koro ni jiya.
Ya ce: Ka gaishe shi. Kada dai ka taɓa mini ƙaro.

Sai gudu.
Tsohuwar hanyar awaki ce,
ba ta san agogo ba, ba ta san mutum ba.
Nan marmara, nan yashi ya riƙe dugadugi,
nan saiwar aduwa ta miƙo ƙafa tana neman faɗa.
Ƙarangiya ta hau safa babu sallama.
Fakara ta tashi fir daga gindin sabara,
amma gabana ya riga ta tashi.
Gwiwar hagu na kuka
irin na kekena in ya kwana biyu bai sha mai ba.

Bayan korama ta biyu ramukan suke,
jere da jere, baki buɗe ga gangare,
rabin wata, rabin wata, rabin wata,
kowanne da itace tsaye a cikinsa,
dakwara, kandili, can magarya.
Nakan tsallake su ɗaya-ɗaya ina neman gafara,
kamar mai ratsa sahu ran Juma'a.

An ce na san wurin nan tun yana fako,
fakon da ko tumfafiya ta ƙi.
Ruwa ya sauko ya wuce, ko gaisuwa babu.
Maza sun tafi bida, Abijan, Legas,
mata suka ɗau diga.
Rami uku a wuni, tiya guda ta hatsi.
Ni ina goye.
Ban tuna ba.
Amma in numfashi ya daidaita da sawu,
sai in ji wani bugu a ƙirjina da ba nawa ba,
dim, a ɗaga, dim, a ɗaga,
digar da ke bi ta bayan Inna ta shige ni
kafin ta shiga ƙasa.

Barira sunanta.
Allon bakin ƙofa cike yake da sunaye,
na waɗanda suka zo da mota.

Na taɓa tambayarta wanne ne nata.
Ta yi dariya har da tari,
ta ce: Wa ke raɗa wa rami suna?
Yanzu bayanta ya tanƙware,
shi ma ya zama rabin wata,
daga ɗaki zuwa inuwar zaure ita ce tafiyarta.

Yau a kan tudu na tsaya, hannu a gwiwa.
Tawa a ƙasa, hayaƙin koko na tashi.
A jikin wata dakwara
ƙaro ya tsatso, ja-ja, kamar ɗan kunnen amarya,
rana ta shiga cikinsa ta zauna.
Na duba hagu, na duba dama.
Wani damo kaɗai ya gan ni,
shi kuwa ba ya kai ƙara.

Na sauko a guje, aljihu na dukan cinya.
Nomau ya miƙo kofi, bai dubi fuskata ba,
aljihun ya duba, ya daɗe.
Shi ne mai ƙidayar ramuka a wancan zamani,
da littafi, da sanda mai kamu biyu.
Ya kurɓi shayi, ya ce:
Gumi ya yi kyau.
Ka ce wa Barira bana ma sun riƙe ruwa.