Saifar Aladen Koshe

Koshe ta zo tun ba a buɗe ofis ba,
da ƙwarya a ka, rufe da ganyen tumfafiya.
Ta dire a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗan Fallata, duba."
Saifa ce, baƙa ƙirin,
ta kumbura ta kai tsawon damtsena.

Goma sha ɗaya ne ranar Talata, in ji ta.
Laraba suka ƙi dusa,
suka haɗa kai a inuwar dutse suna rawar ɗari
alhali Kadugli na tafasa.
Kunnuwa suka yi ja, suka koma kalar makuba.
Yau Lahadi. Saura ɗaya.

Ni ban taɓa kai naman nan baki ba.
Da na gama karatu, Inna a Mai Wurno ta riƙe haɓa:
"Duk dabbobin Allah, har da wannan za ka duba?"
Na ce ciwo ba ya tambayar halal.
Ta yi shiru, ta ƙara mini miya.

Na yanki tsoka kamar ƙwayar gyaɗa,
na sa a ƙanƙara, na ba direban Hartum.
Wata guda kafin amsa ta dawo:
haruffa huɗu kacal, ana ta juya su
har fiye da dubu ɗari da hamsin,
ba wasali, ba aya, ba wurin shan numfashi.
Wannan ne littafin abin da ya ci garken Koshe.

Na zauna da shi dare uku.
Ashe cuta ma tana da salsala.
Ga kakanni, ga 'yan uba, ga waɗanda suka yi ƙaura.
Wata 'yar'uwarta, wajen kwafi, an tsallake mata layuka,
sai ta fito da sanyin hali:
ta sa zazzaɓi, ta yi sallama, ta wuce.
Tamu kuwa cikakkiya ce, babu shafin da ya ɓace.
Tana da layin da ke toshe bakin mai shela,
tana da wanda ke buɗe ɗakin mai gadin jini.
A can take kwana, a can take haihuwa,
kafin gari ya farga ta cinye gari.

Gadu kuwa, can cikin raminsa a gindin dutse,
shekara dubu nawa suna zaman doya da manja
har suka gaji, suka saba.
Yana ɗauke da ita, yana ta kiwonsa, jela a sama.
Kaska ta sha nasa, ta jira shekaru a tsagar bango,
ba ta gaggawa.
Sauran tafiyar mu muka yi mata:
tafin takalmi, tayar keke, wuƙar mahauci,
ragowar abincin biki.

Koshe ba ta tambaye ni haruffa ba.
Ta lissafa mini da yatsu:
biyu kuɗin makarantar Toto,
uku kwanon rufi kafin damina,
babban kuma na ranar da ba a so.
Sannan ta ce, "Wadda ta tashi fa? Tana cin dusa.
Ba ita ce irina ba?"

Na dubi takarda, na dubi matar.
Wadda ta tsira tana iya zama masauki,
wannan na sani.
Ko na kwana nawa, ban sani ba.
Allurar da zan ba ta, ba ni da ita.

Na ce, "A killace ta. A ƙona shimfiɗar.
Kada Kuwa ya kai ta kasuwa."
Ta ɗauki ƙwaryarta, ba ta ce to ba.

Na wanke takalmana sau biyu,
na wanke ƙarƙashin farce,
aka kira la'asar.
Daga bayan dutse ina jiyo ta, ita kaɗai,
tana gurnani a garken goma sha ɗaya.