Injin Kawu Nadabo

Kawu Nadabo bai bar gida ba, bai bar gona ba.
Inji ya bari, kore, mai nauyin ɗan maraƙi,
wanda ya saya hannun wani Kwara a Fagge
tun ana cinikin sule da sisi.
Rubutun jikinsa ya goge, saura haruffa uku,
ɗana mai boko ya kasa haɗa su su ba da suna.

Ranar rabon gado kowa ya kau da kai.
Aka ce, kai ne mai haƙuri, ɗauka.
Na ɗora shi a kura daga Ƙofar Mazugal,
mai turawa yana tsaki har Gwammaja.

Ba a tashinsa da gaggawa.
Man gyaɗa ake ɗiga wa haƙoransa, ɗigo uku,
ban da baƙin mai, abin da za a sha yake taɓawa.
Ka ɗora dunƙulen ƙanƙara, ka ɗaure shi ya zauna,
sannan ka juya hannun a hankali
kamar mai lallashin tsoho ya sha magani.
Zai yi tari. Ƙyale shi.
Can sai ta fara zubowa,
fara fat, kamar audugar da aka shiɓa,
tana taruwa a kwano ba ta ƙara.
In zuba mata zoɓo ta yi ja,
in zuba tsamiya ta yi kalar ƙasar Dala.

Bara, tsakiyar bazara, wuƙarsa ta karye.
Na zaga Ƙofar Ruwa rumfa rumfa da guntun a aljihu,
wani yaro ya juya shi ya ce,
Baba, masu ƙera wannan sun riga mu gidan gaskiya.
Ilu maƙeri ne bai yi dariya ba.
Ya yanko sifirin ɗin tsohuwar Fijo,
kwana biyu yana wasa shi yana gwadawa a farce.
Ya ce kuɗinsa kofi ɗaya kullum har damina ta sauka.
Har yau yana zuwa. Damina ta sauka sau biyu.

Maƙwabcina ya sayo na lantarki, ɗan Sin,
mai kuka kamar jirgi zai tashi.
Sati guda layinsa ya fi nawa.
Da aka ɗauke wuta kwana huɗu
na gan shi a layina, kofi a hannu,
yana kallon wani wuri.

Jiya ɗana ya nuna mini a waya
wata ƙasa da abin nan yake faɗowa daga sama,
kyauta, har ya rufe ƙofar gida,
wani mutum yana tura inji yana watsar da shi gefe.
Na ce a maimaita mini.
Ni da nake fita da asuba zuwa Sharaɗa,
in biya, in naɗe ta a buhu da dusar katako,
in yi tsere da rana a kan keke,
rabin kuɗina yana ɗiga a kwalta!
Na ce, shi ma nasa injin tsoho ne,
ji yadda yake tari.

Ɗan gwangwan ya zo sau uku da sikelinsa,
ya ce ƙarfen da ne, zai saya da daraja.
Na ba shi kofi ɗaya, ya sha a tsaye,
ya tafi bai sake zancen kilo ba.

Kafaɗata ta fara ƙara irin tasa.
Hansatu, autata, ita ke karɓata bayan la'asar.
Tana taka bulo kafin ta kai hannun,
tana juyawa da sauri, ina cewa a hankali,
ba ta ji.
Ɗazu na ga ta ɗiga man, ɗigo uku,
ban taɓa faɗa mata adadin ba.