Matsefi a Cikin Kaki

Shekara ashirin da shida ina zubin tukunya a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke girgiza mana kofin shayi.
Iyakar sanina da wuta
shi ne yadda ake kai ta gindin shinkafa.
Ban taɓa zaton za a zo maƙera neman sanyi ba.

Sai ga Bara'atu, 'yar Iliyasu mai tattasai,
wadda ke karatu a Yaba,
ta sauko daga danfo da akwatin ƙarfe a hammata,
takalminta duk taɓon Ikko.
Ta buɗe. Wani farin abu ne, ruwa-ruwa,
dangin kyandir, in ji ta,
amma shi tun ruwa bai zama ƙanƙara ba yake daskarewa.
Da dare in an kawo wuta, inji ya sandarar da shi,
da rana in an ɗauke, ya narke a hankali
yana shanye zafin da zai ruɓar da kwandunan ubanta.

Na ce, to ina ciwon?

Ta ce, Baba Mamuda, rowa gare shi.
Na jikin bututu ya daskare, ya yi ɓawo, ya tare hanya,
na tsakiya yana nan tsululu har asuba.
Awa tara yake so.
Masu wuta kuwa biyar suke ba mu,
ranar da suka tashi da fara'a.

Na yi dariya, don na san wannan a tuwo:
ƙanzo a gindi, ɗanyen gari a tsaka.

Ta gwada garin bakin fensir,
ya kwanta a ƙasa kamar gasara.
Ta gwada wayar tagulla daga ƙonanniyar fanka,
kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu.
Na ce bari mu yi wa sanyin hanyar shiga.
Ta ce sanyi ba ya shiga, Baba, zafi ne ke fita.
Na ce ko ma wane ne, mai tafiya ƙofa yake nema.

Na narka gwangwanayen lemo
da tsofaffin fistan na Ladipo,
na zuba mata matsefi mai haƙora arba'in,
muka nutsa shi cikin kakin.
Awa uku ya daskare. Har na sayi tsire.
Kafin azahar ya narke kaf:
ƙarfena ya cinye wurin kaki,
hanya ta yi yawa, rumbu ya yi kaɗan.
Kwando shida suka yi ruwa.
Iliyasu bai ce uffan ba,
ya dai ƙirga su sau biyu.

Kwana huɗu ban hura zuga-zugi ba.
Ran na biyar Iya Rasaki ta miƙo mini alala,
na warware ganyen, na ɗaga shi ga hasken ƙofa.
Jijiya guda a tsakiya,
sirara suna fita daga gare ta,
ba inda ba su kai ba,
kuma ba su hana ganye zama ganye ba.

Sha takwas na yi wannan karon,
na buge su har suka yi kaurin reza,
kowanne da 'yan rassansa.

Daren gwaji ruwa yana dukan kwano.
Tana zaune kan buhu, ma'auni a hannu,
biro a baki.
Sha ɗaya aka kawo wuta.
Huɗu saura kwata aka ɗauke.
Ta ƙwanƙwasa akwatin da ɗan yatsa,
ya amsa mata kamar dutse.
Ta sake ƙwanƙwasa tsakiyar. Haka nan.
Ba ta yi murmushi ba, ta rubuta lamba.

Da la'asar na taɓa tattasan da kaina,
yana ƙas-ƙas kamar yau ya baro Kadawa.

Mai haƙora arba'in ɗin na rataye shi a bango.
Masu sayen tukunya sukan tambaya
gashin wace ce wannan.