Baƙin da Ba Ya Fita

Shekara talatin da ɗaya babana Jinadasa
yana shiga kejin ƙarfe da asuba a Kahatagaha,
igiya ta zura shi inda rana ba ta da labari.
Da yamma ya fito yana ƙyalli kamar tarwaɗa,
baƙi mai sheƙi har cikin kunne.
Sabulu nawa innata ta ƙarar a wuyan rigarsa?
Ba ta ƙirga ba.
Ni dai na ƙirga tarinsa na dare.

Dutsen fensir muke ce masa muna yara.
A ɗura shi a buhu, jirgin ruwa ya yi gaba da shi,
mu a bar mana ƙurar a kan matashi.

Yau ga ni a Homagama, farar riga, shuɗiyar safar hannu,
ina ɓare dutsen nan kamar albasa,
ɓawo bayan ɓawo,
har in kai fallen da babu wani falle a bayansa.
Girafin ke nan.
Da za ka riƙe shi, sai ka rantse hannunka wayam yake.

Sai in dama shi ya zama tawada,
a nan rigimar take.
In ta yi ruwa, ta baje kamar kunun gaggawa.
In ta yi kauri, ta toshe bakin allura,
mu kwana ni da ita muna kallon-kallo.
Kwaɓi na arba'in da bakwai ne ya yarda ya tsaya da ƙafarsa.

Injin nan ba ya sassaƙa, ba ya fafe komai.
Zare yake ajiyewa, siriri kamar gashin jariri,
ya je, ya dawo, ya gitta,
ya hau kan na jiya-jiyan nan,
hawa ɗari biyu, shayina ya huce ban sani ba.
Abin da ya fito bai kai gidan ashana ba,
amma duk ƙofofi ne, lungu cikin lungu,
don ƙwayoyin lantarki su shigo a guje, su sami masauki,
su fito ran da aka kira su.

Ran hutun cikar wata na kai masa guda.
Yana zaune gindin kwakwa, ƙirjinsa na busa sarewa.
Ya ɗora a tafi, ya jinjina, ya harare ni.
"Ruwanthi, iska kika kawo mini?"
Na ce, Baba, ramukan su ne aikin.
Ya ɗaga shi saitin rana, ya kanne ido ɗaya.
Ya daɗe.
"Ga rami na shida," in ji shi,
"ga kwanar da muke juya amalanke.
Nan kuwa, da ni ne, da na sa tokara.
Zai rufta."

Dariya na yi. Litinin na koma bakin aiki.
A caji na ɗari takwas ya rufta,
daidai kusurwar da farcensa ya taɓa.

Ban faɗa wa kowa inda gyaran ya fito ba.
Na ƙara ginshiƙi a zanen, siriri, a karkace,
yadda suke kafa gungume can ƙarƙashin ƙasa.
Ya wuce caji dubu uku, yana nan tsaye.

Jiya wuta ta ɗauke a ƙauye,
ruwa na dukan kwano kamar ana binsa bashi.
Na jona ɗan ƙwan fitila da batirin gwaji.
Hasken ba wani haske ba ne,
ya dai isa ya bambance farar ƙwaya da ja.
Ya haɗiye. Sai ya dubi hannuna.
Safar ta yage tun Alhamis,
baƙi ya kwanta a gefen farce.
Ya kama yatsan, ya murza da nasa, ya sake murzawa.

"Ba ya fita," ya ce.
"Bar shi."