Lamba Arba'in da Bakwai

Su uku suka sauko daga motar Madani,
rana ta take, takalmansu duk laka.
Mawahib ce ta yi sallama da Hausar kakarta,
Hausar da Larabci ya ɗan lanƙwasa wa harshe.
Ta ce ɗalibai ne, halayyar ɗan Adam suke karantawa.
Na ce, "'Yata, har makaranta ake shiga don wannan?
Mu a kasuwa muka koya, da asara muka biya."

Ta zauna bakin gadon igiya, ta buɗe takarda:
"Baba, dare nawa ka yi barci a makon nan?"

Shekara guda ke nan da kogi ya tashi cikin duhu,
ya ci gonar ayaba, ya ci ɗaki biyu,
ya tafi da Siddiƙu yana kwance akuya daga turke.
Hukuma ta ƙirga buhuna.
Liman ya ƙirga mamata.
Masu agaji suka ƙirga barguna, suka ɗauki hoto.
Duk Mai Wurno ba wanda ya zo ƙirgar dare
sai yarinyar nan mai tabon tawada a yatsa.

Na ce biyu. Ƙarya na yi, ɗaya ne.
Ta rubuta biyun, ta ajiye alƙalami, ta jira.
Gahawa ta huce a tsakaninmu.
Ashe shiru ma ana koyar da shi.
Sai na ji bakina yana ba da labarin akuyar,
wadda ta dawo da safe ita kaɗai, da igiya a wuya,
na kasa yankawa, na kasa kallo.

Ta ce ba za a sa sunana ba.
Ni ne lamba arba'in da bakwai.

Na ɗauka tafiya ce irin ta masu hoto.
Alhamis ta zagayo, sai ga su kuma.
Mu'utasim ya tara mu dattawa a gindin darbejiya,
wai zai koya mana numfashi!
Nomau ya ce, "Yaro, muna yin sa tun kafin auren ubanka."
Muka yi dariya har da tari,
muka kuma ja, muka riƙe, muka saki.
Mata suna gidan Lanti tare da Ihlas,
ban san me suke faɗa ba,
na dai ga mai ɗakina ta koma sa lalle.

Bayan damina aka ce binciken ya ci lambar yabo.
Ta zo da ita naɗe a mayafi, gilashi ne,
bai kai murfin tukunya ba,
ko kisira ɗaya ba zai ɗauka ba.
Muka yi ta miƙa wa juna da hannu bibbiyu
kamar jaririn da aka fito da shi ran suna.

Ta nuna mini wani shafi, ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi:
mutum ɗari biyu da sha ɗaya,
kowa da darensa.
"Ga ka nan, Baba," can ƙasa, a gefe.
Na ce, "Wanne ne Nomau?"
Ta rufe littafin: "Amana ce."
Ba komai. Ni nake ganin fitilarsa kafin assalatu,
shi ma yana ganin tawa,
shekara guda muna gaisawa da "lafiya lau".

Na ce, "Akwai gyara. Ranar nan ɗaya ne, ba biyu ba."
Ta ce, "Na sani. Yanzu fa?"

Na ce huɗu da rabi.
Ta ɗaga gira, alƙalami a sama.
Rabin, na ce, Siddiƙu ne ya zo,
ya zauna nan inda kike zaune,
rigarsa a bushe.