Ɓauren Ƙasan Kwali

A Izmir nake, bakin teku,
inda jirage ke kuka tun kafin asuba.
Busasshen ɓaure nake sayarwa,
sana'ar da mahaifina Necmi ya bar mini
da sikeli ɗaya da rumfa mai yoyo.

Yau rumfar ta zama sito huɗu.
Wayata ba ta barci, ni ma haka.
Na haddace farashin kuɗin ƙasa bakwai,
amma ban san sunan malamar 'yata ba.

Ran Talata Sabriye ta tsayar da aiki.
Tsohuwa ce, shekara talatin tana tsinta,
yatsunta sun rine da launin ɓauren.
Ta tsaga ɗaya, ta miƙo mini ba magana:
waje zuma, ciki baƙar funfuna.
Ta tsaga na biyu. Ta tsaga na biyar.

Kwali dubu biyu, jirgi gobe da hantsi,
mai saye a Hamburg ya riga ya biya rabi.
Zuciya ta ce, wa zai tona ƙasan kwali?
Jera masu kyau a sama, a rufe, a liƙe,
teku da faɗi yake, yana haɗiye magana.

Sai na ga hannun Necmi.
Ba fuskarsa ba, hannun kawai,
yadda yake ɗaga ɓaure wajen haske
kamar mai duba idon jariri,
ya jefa ruɓaɓɓe a kwandon awaki
ko da makon nan ba mu ga nama ba.
Bai taɓa zaunar da ni don wa'azi ba.
Jefawa kawai yake yi.

Na kira Hamburg, muryata na rawa.
Abin da na rasa, akawu ya lissafa,
ya cire tabarau, ya goge, ya sake lissafawa.
Sito guda ya tafi a kiran nan.

Kada a yi mini shaidar waliyyi.
Har gobe ina son kuɗi, ina son ƙirga su,
dare biyu na kwana ina cizon yatsa.

Amma ran nan na koma gida rana na sama.
Ilgın ta buɗe ƙofa, ta dubi agogo, ta dube ni:
"Baba, ba ka da lafiya ne?"
Shekararta tara,
ba ta taɓa ganin inuwata da la'asar ba.

Muka gangara bakin ruwa, muka sayi gasasshiyar masara.
Ta shiga ba ni labarin wata kyanwa mai ido ɗaya
da ke kwana a bayan makarantarsu,
dogon labari, ba kai ba gindi.
Waya ta yi ta kuka a aljihu.
Na bar ta.
Na ce, "To, sai kyanwar ta yi yaya?"