Kwandon Maite

A Valparaíso gidaje a kan tudu suke,
wannan bisa kafaɗar wancan, kowa na leƙen teku.
Daga tandar Eleuterio zuwa ƙofar tsohuwa Fresia
matakala ɗari biyu da sha ɗaya ce.
Maite ta ƙirga. Gwiwarta ma ta ƙirga.

Shekara uku tana hawa da buhu a baya.
Burodi ya bar wuta da zafinsa,
kafin ya kai sama ya huce
kamar gaisuwar wanda kake bi bashi.

Ran nan ta ga wata na janyo shanya ta taga,
riga na tafiya a igiya, ba ƙafa.
Ta yi tsaye. Buhu ya zame.
Ta daɗe ba ta sunkuya ba.

Wilin keke biyu daga bola,
igiyar da wani masunci ya gaji da ita,
kwandon kakarta,
da rancen kawu, wanda ya miƙo yana cewa,
"Kuɗina dai. Haukar taki ce."

Ranar farko igiya ta tsinke.
Burodi arba'in suka gangara titi,
karnuka suka sha biki,
yara suka samu waƙa.
Ta rufe ƙofa ta yi kukanta.
Da asuba tana bakin ruwa,
masunta na koya mata ƙullin da ba ya kwancewa.

Ranar tara kwando ya hau,
yana rangaji, yana tsayawa kamar mai shawara,
har ya daki tagar Fresia.
Ya dawo da silalla uku da 'yar takarda:
"Da ɗuminsa. Gobe haɗo da maganin hawan jinina."

Daga nan sai kifi, sai kalanzir, sai wasiƙa.
Igiya ta zama shida.
Yara biyu cikin masu waƙar nan
yanzu su ke juya wili, ana biyansu ran Asabar.
Ma'aikacin hukuma ya zo da takardar tara,
ya koma da ita, da lambar wayar Maite,
don uwarsa ma a saman tudu take.
Kawu kuwa na gaya wa kowa
tun farko shi ya hango.

Amma duk Lahadi Maite na hawa da ƙafa,
ɗari biyu da sha ɗaya, tana haki,
don Fresia ta rubuto cewa
burodin ya yi, maganin ya yi,
sai dai kwando ba ya hira.